Allah, Hikima, Nagarta da Ran Ɗan Adam a Tunanin Kiristocin Farko: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi daga bakin ɗalibai na tattara su, da matasa masu zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki, da wasu abokaina Musulmi masu son tarihi. Kusan kowace shekara su ne dai ke dawowa. Na faro da masu sauƙi, sannan na gangara zuwa masu zurfi.

Su wane ne ake nufi da "Kiristocin farko" a nan?

Malaman Ikilisiya ne da suka yi rubutu bayan zamanin manzanni, daga wajen shekara ta 100 zuwa wajen 450 bayan haihuwar Almasihu. Akan kira su Ubannin Ikilisiya. Yawancinsu da Helenanci ko Latinanci suka rubuta, wasu kuma da Suriyanci. Abin da ke ba ɗalibaina mamaki shi ne yawan mutanen Afirka a cikinsu. Tartuliyan ɗan Kartaj ne, dab da birnin Tunis na yau. Kilemen, Orijin da Atanasiyus a Iskandariya ta Masar suka koyar. An haifi Agustin a 354 a Tagasta, wato Suk Ahras ta Aljeriya, ya kuma yi aikin bishop a Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu, har ya rasu a 430.

Ba a inuwa mai sanyi suka yi wannan tunani ba. Kafin 313, lokacin da daular Rum ta halatta addinin, wanda ya ce shi Kirista ne yana iya rasa ransa. An fille kan Jastin a Rum wajen 165. An kashe mahaifin Orijin a 202, shi kansa Orijin an azabtar da shi a tsanantawar Sarki Desiyus ta 250, bai daɗe bayan haka ba ya rasu.

Me ya haɗa su da falsafar Helenawa? Littafi Mai Tsarki bai ishe su ba ne?

Su ma sun yi wannan gardama a tsakaninsu. Jastin, mutumin Nablus, ya ba da labarin yadda ya yi yawon neman gaskiya daga malami zuwa malami. Ɗan Sitokiya, wata makarantar falsafar Helenawa, bai gaya masa komai game da Allah ba. Mabiyin Aristotil ya fara da maganar kuɗin makaranta. Mabiyin Fitagoras ya ce sai ya iya kiɗa da ilimin taurari da lissafi tukuna. A wurin almajiran Aflatun ya ɗan sami natsuwa, har ranar da ya haɗu da wani dattijo a bakin teku wanda ya nuna masa annabawa. Bayan ya ba da gaskiya bai tuɓe mayafin masana falsafa ba. A ganinsa duk gaskiyar da Sukurat, malamin Aflatun, ya faɗa daga Kalmar Allah, wato Almasihu, ta fito, kamar irin da aka watsa cikin dukan 'yan Adam.

Tartuliyan kuwa ya ce atafau, ina ruwan Atina da Urushalima? Yana ganin daga falsafa ne karkatattun koyarwa ke samun makamai. Kilemen ya tsaya a ɗaya gefen: yadda Attaura ta yi wa Ibraniyawa jagora zuwa ga Almasihu, haka falsafa ta yi wa Helenawa. Orijin ya kawo misalin zinariyar da Isra'ilawa suka karɓa daga Masarawa, wadda daga baya aka yi kayan sujada da ita. Ni dai Orijin nake gani ya fi kusa da gaskiyar abin da ya faru, domin Tartuliyan ɗin ma da ya zo rubutu kan rai, da kayan aikin 'yan Sitokiya ya yi shi (dubi tambayar asalin rai a ƙasa).

Mene ne ginshiƙin abin da suka ce game da Allah?

Allah ɗaya ne, shi ya halicci kome, ba kuma daga wani abu da ya tarar ba. Wannan magana ta ƙarshe sabuwa ce a kunnen Helenawa, domin Aflatun ya kwatanta mahalicci da maƙeri mai sarrafa kayan da ke nan tun fil'azal. Tiyofilus na Antakiya da Ireniyus na Liyon, dukansu wajen 180, sun nace cewa in da akwai wani abu da ke tare da Allah tun farko ba shi ya yi shi ba, to ba shi ne Maɗaukaki ba. Sun kuma yi fama da Markiyon, wanda ikilisiyar Rum ta kora a 144 saboda ya ce Allahn Tsohon Alkawari dabam, Uban Yesu dabam.

Na biyu, Allah ba shi da jiki. Wannan ya yi wa talakawan masu bi wuya fiye da yadda muke zato. Yohanna Kasiyan ya ba da labarin abin da ya gani a hamadar Masar wajen 399. Akwai wani tsoho mai suna Sarafiyon, mai ibada ƙwarai, wanda duk rayuwarsa yake addu'a da siffar mutum a zuciyarsa, tun da Littafin Farawa ya ce an yi mutum cikin kamannin Allah. Wani dikon, wato mai hidima a ikilisiya, mai ilimi ya zauna ya yi masa bayani har ya yarda. Da aka miƙe za a yi addu'ar godiya, sai tsohon ya faɗi ƙasa yana kuka, yana cewa sun ɗauke masa Allahnsa, yanzu bai san wanda zai riƙe ba. Duk lokacin da na karanta wannan nakan tuna cewa gyaran akida yana da ciwo, mai koyarwa kuma ya kamata ya tafi a hankali da tsofaffi.

To, in ba shi da jiki ko siffa, ana iya saninsa kuwa?

Ana iya saninsa, ba a iya ƙure shi. A ƙarni na 4 wani bishop mai suna Yunomiyus ya yi iƙirarin cewa kalma guda, "wanda ba a haifa ba", ta bayyana ainihin zatin Allah. Basil na Kaisariya da ƙanensa Giregori na Nisa, mutanen Kafadokiya a tsakiyar Turkiyya ta yau, suka tashi a kansa. Basil ya ce ayyukan Allah ne ke saukowa gare mu, zatinsa kuwa ya fi ƙarfin kusanta.

Giregori ya bi rayuwar Musa ya nuna matakai uku. Da fari Musa ya ga Allah cikin haske, a kurmin da ke cin wuta. Sai ya hau dutse cikin gajimare. A ƙarshe ya shiga baƙin duhu, nan ne kuma ya fi kusa. Ma'anar ita ce, gwargwadon kusantarka, gwargwadon yadda za ka gane cewa hankalinka bai kai ba. Ya yi gargaɗi cewa duk hoton da tunani ya zana ya ce wannan shi ne Allah, gunki ne. Agustin ya faɗi haka a wa'azinsa a taƙaice: in ka gane shi sarai, ba Allah ba ne.

Da suka ce "hikima", me suke nufi?

Kafin kome, suna nufin wani ne, ba wani abu ba. Bulus ya kira Almasihu ikon Allah da hikimar Allah a 1 Korantiyawa 1:24, saboda haka suka karanta Karin Magana sura 8, inda Hikima ke magana da bakinta, a matsayin muryar Almasihu. Nan ne kuma rikici ya ɓarke. A fassarar Helenanci da suke amfani da ita, aya ta 22 tana cewa Ubangiji ya "halicce ni" a farkon ayyukansa. Ariyus, wani dattijon ikilisiya a Iskandariya, ya kama wannan wajen 318 ya ce ashe Ɗan halitta ne, akwai lokacin da babu shi.

Amsar da Atanasiyus ya tsaya a kai ita ce: in akwai lokacin da Hikima ba ta nan, to akwai lokacin da Allah ba shi da hikima, wannan kuwa ba ya yiwuwa. Ya ce "halitta" a ayar tana nufin ɗaukar jikin mutum da Kalma ya yi. Majalisar Nikiya ta 325 ta ce Ɗan zati ɗaya yake da Uba, majalisar Kustantiniya ta 381 ta tabbatar. Sau biyar aka kori Atanasiyus daga kujerarsa saboda wannan matsayi.

Akwai bambanci tsakanin ilimi da hikima a wurinsu?

Akwai, Agustin ne kuma ya fi fayyace shi. Ilimi shi ne iya tafiyar da al'amuran wannan duniya daidai: tarihi, sana'a, sanin abin da za a guje wa. Hikima kuwa duban abin da ba ya shuɗewa ne, da ƙaunarsa. Ya dogara ga Ayuba 28:28, inda aka haɗa hikima da tsoron Ubangiji. Shi kansa yana ɗan shekara 19 ya karanta wani littafin Sisero, marubucin Rum, da ya cusa masa ƙishin hikima, amma sai da ya kai 32 kafin ya miƙa wuya. Tsakanin nan ba ƙarancin ilimi ne ya tsare shi ba, domin ya kai har malamin balaga a Milan. Zuciyarsa ce ta rabu biyu.

Wani saurayi mai suna Diyoskorus ya taɓa aiko masa da tarin tambayoyi kan falsafa, yana tsoron kada a ce bai sani ba. Agustin ya amsa masa cewa hanyar kama gaskiya, ta farko tawali'u ce, ta biyu tawali'u, ta uku tawali'u. Wannan ne nake so ɗalibi ya fara riƙewa: a wurin mutanen nan ba a raba sanin Allah da halin mai neman sanin.

Mene ne "nagarta huɗu", kuma daga ina suka samo su?

Basira, adalci, jaruntaka da kamun kai. Daga Aflatun suka fito, 'yan Sitokiya suka yayata su. Ambros, bishop na Milan wanda ya yi wa Agustin baftisma a 387, shi ne ya fara kiran su da sunan Latinanci mai ma'anar maƙalar ƙofa, wato abin da sauran halaye ke juyawa a kai. Kiristoci sun karɓe su, suka ɗora su a kan uku na Bulus: bangaskiya, bege da ƙauna.

Agustin ya yi wani abu da har yau nake jin daɗinsa. Ya ce huɗun nan ba kome ba ne illa ƙauna mai fuska huɗu. Kamun kai ƙauna ce da ta ba da kanta ɗungum ga wanda take ƙauna. Jaruntaka ƙauna ce mai jure kome dominsa. Adalci ƙauna ce mai bauta masa shi kaɗai, don haka take iya mulkin sauran abubuwa daidai. Basira ƙauna ce mai rarrabe abin da zai kai ta gare shi da abin da zai tare ta. Daga baya ya taƙaita duka da cewa nagarta ita ce ƙauna bisa tsari: kowane abu a ƙaunace shi daidai matsayinsa. Mai rowa ba zinariya ce ta yi laifi ba, shi ne ya ɗora ta sama da adalci.

Me suka ƙara wanda masanan Helenawa ba su ɗauka da muhimmanci ba?

Tawali'u, haƙuri, da jinƙai ga wanda ba zai iya ramawa ba. A idon babban mutumin Rum, ƙasƙantar da kai halin bawa ne. Kiristoci suka ce tun da Allah da kansa ya sauko, babu wanda ya fi ƙarfin sunkuyawa. Tartuliyan, mai zafin rai, ya rubuta littafi guda kan haƙuri, ya buɗe shi da amincewa cewa shi ba shi da shi, yana maganarsa ne kamar yadda majiyyaci ba ya gajiya da zancen lafiya.

Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A yunwar da ta auka wa Kafadokiya wajen 369, Basil ya ciyar da jama'a, ya ce wa masu ɓoye hatsi gurasar da suka ajiye ta mayunwaci ce. Daga baya ya gina wurin jinya da masaukin matalauta a bayan garin Kaisariya. Giregori na Nisa, a wa'azinsa kan Littafin Mai Hadishi, ya tambayi mai bayi da nawa ya sayi kamannin Allah, a zamanin da kusan kowa ya ɗauki bauta abin da aka saba. A hamadar Masar kuma akwai Abba Musa, baƙar fata, tsohon ɗan fashi da ya tuba. An kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi. Ya zo ɗauke da kwando mai huji cike da rairayi a bayansa, ya ce zunubaina na zuba a bayana ban gan su ba, ga ni na zo shari'ar wani. Aka watse ba a hukunta kowa ba.

Ina "manyan zunubai bakwai" suka samo asali?

Daga hamada, kuma da fari takwas ne. Ebagiriyus, wanda ya rasu a Masar a 399, ya lura da tunane-tunanen da ke kai wa mai ibada hari ya lissafta su: haɗama, sha'awar fasikanci, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasalar zuciya, son yabo da girman kai. Bai kira su zunubai ba. Ya ce zuwansu ba a hannunmu yake ba, amma ko za su zauna, wannan a hannunmu yake.

Bayaninsa kan kasalar zuciya, wadda ya kira aljanin tsakar rana, ya isa a karanta shi a yau. Tana zuwa daga hantsi zuwa azahar. Sai rana ta ƙi tafiya, yini ya zama kamar na awa 50. Mutum ya riƙa leƙen taga, ya fita ya dubi rana, ya waiga ko wani zai zo. Sai ya tsani wurin, ya tsani aikin hannunsa, ya ce ai 'yan'uwa ba su da ƙauna, a wani wuri zai fi bauta wa Allah. Maganinta a wurinsa shi ne a zauna, kada a gudu. Kasiyan ya kai wannan koyarwa kudancin Faransa ta yau, Paparoma Giregori Babba kuma, a ƙarshen ƙarni na 6, ya sake tsara ta, daga nan lissafin bakwai ya fito.

Mukan ce hali zanen dutse. Su ma haka suka ɗauka?

A'a. Tun daga Jastin da Ireniyus sun yi yaƙi da masu cewa taurari ko ƙaddarar haihuwa ke yanke halin mutum, domin in haka ne babu yabo babu zargi. Giregori na Nisa ya ce sauyawar da ɗan Adam ke yi ba aibi ba ce, ita ce fiffikensa: tun da nagartar Allah ba ta da iyaka (dubi tambayar sanin Allah), kammala ita ce kada ka daina girma.

Inda aka rabu shi ne ko mutum zai iya da ƙarfin kansa. Felajiyus, ɗan Birtaniya, ya ce tun da Allah ya umarta, to za mu iya. Agustin ya san zuciyarsa. Ya tuna yana ɗan shekara 16 shi da abokansa sun kakkaɓe itacen fiya na maƙwabci da dare, ba don yunwa ba, domin yana da waɗanda suka fi su a gida, suka zuba wa aladu. Abin da ya ji daɗinsa shi ne haramcin kansa. Daga nan ya gane mugunta ba halitta ba ce, rashi ce, kamar yadda ciwo rashin lafiya ne, kuma nufin da ya karkace ba ya miƙe kansa sai da alheri. Majalisar Kartaj ta 418 ta bi bayansa.

Mene ne rai a wurinsu? Wani yanki ne na Allah?

A nan Hausa na bukatar kula, domin muna da rai, ruhu, zuciya da kurwa, kowanne da inda yake dosa. Abin da Ubannin ke nufi shi ne ɓangaren mutum da ba a gani, mai rayar da jiki, mai tunani da zaɓi. Wasu, bisa 1 Tasalonikawa 5:23, sun ƙirga uku: ruhu, rai da jiki. Amma duk sun haɗu a kan cewa rai halitta ne, ba yankin Allah ba. Dattijon nan da Jastin ya haɗu da shi a bakin teku, da wannan ya kayar da shi: rai ba ya rayuwa don kansa, yana rayuwa ne don Allah ya so ya rayu.

Duk da haka rai na ɗauke da shaidar Mai shi. Tartuliyan ya ce a saurari mutumin kasuwa da bai taɓa shiga makaranta ba, za a ji yana cewa "Allah yana gani", "in Allah ya yarda", yana kuwa duban sama, ba haikalin gumaka ba. Agustin ya leƙa ciki ya ga tunawa, fahimta da nufi, uku ne amma rai ɗaya, ya ce inuwar Triniti ce, wato Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Allah ɗaya, ko da yake ya yi ta jaddada cewa inuwa ce kawai.

Daga ina ran kowane jariri yake fitowa?

Ra'ayi uku ne. Tartuliyan, bisa tafarkin 'yan Sitokiya, ya ce rai wani irin jiki ne marar kauri, yana kuma wucewa daga iyaye zuwa ɗa kamar reshen da aka dasa. Orijin ya ce an halicci rayuka tun kafin duniya, suka yi sanyi a ƙaunar Allah, aka ba kowanne jikin da zai zama masa makaranta. Yana neman bayanin abin da ya sa ake haifar wani makaho wani mai gani, ba tare da an ɗora wa Allah rashin adalci ba. An yi watsi da wannan, aka kuma la'anci sunansa a majalisar 553, shekara 300 bayan rasuwarsa. Jerom, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latinanci, ya ce Allah na halittar kowane rai sabo, wannan ne kuma ya yi rinjaye daga baya.

Agustin ya kasa zaɓa. A 415 ya rubuta wa Jerom doguwar wasiƙa yana roƙon ya koya masa, domin in kowane rai sabo ne daga hannun Allah, ta ina zunubin Adamu ya same shi? A ƙarshen rayuwarsa, da yake bitar littattafansa, ya rubuta cewa bai sani ba a da, bai kuma sani ba har yanzu.

Sun ɗauki jiki a matsayin kurkukun rai, kamar Aflatun?

Wasu kalamansu kan yi kama da haka, musamman na masu zaman hamada, amma akidarsu ta hana su. Allah ne ya yi jiki, Kalma ya zama jiki, begen Kirista kuma tashin jiki ne, ba tserewar rai ba. Ireniyus ya ce rai shi kaɗai ba mutum ba ne, jiki shi kaɗai ma haka.

Wurin da aka fi zurfafa wannan shi ne bakin shimfiɗar wata mace. A 379, bayan rasuwar Basil, Giregori na Nisa ya je wurin yayarsu Makirina don ta ta'azantar da shi, ya tarar ita ma tana bakin mutuwa, kwance a kan katako a ƙasa. Ya fashe da kuka. Ta bar shi ya yi na ɗan lokaci, sannan ta fara yi masa tambayoyi. Da ya ce ta yaya za a yarda da ran da ido ba ya gani, sai ta nuna likitan da ke zaune kusa da ita, ta ce yatsunsa ne ke kan jijiya, amma wane ne a cikinsa yake karanta ciwon? Da ya ce jiki na ruɓewa ya koma ƙasa, ta yaya rai zai sake samun nasa, ta kawo misalin tukwane: ko sun farfashe sun gauraya da sauran yumɓu, mai su yana gane gutsuren tulunsa daga na kaskonsa. Giregori ya rubuta hirar duka, a ciki kuwa "Malama" yake kiran ta.